Idan Kwamfuta Ta Tashi Ba Ta Ga Katin Memori Ba

Wata safiya a cikin hunturu na kunna kwamfutar da nake aiki da ita a gida, da niyyar in tace wasu hirarraki da na shafe mako biyu ina naɗa, sai ta ƙi kai ni inda ta saba. Ta tsaya a kan baƙin allo tana ƙidayar daƙiƙoƙi har 90, sa'an nan ta sanar da ni cewa ta nemi katin memorin da ke jikinta ba ta same shi ba. Hirarrakin nan kuwa ba su da kwafi a ko'ina.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ko mai ɗaukar hoton biki ne, ko ɗalibi, ko mai sana'ar tura waƙoƙi da wa'azi a kasuwa, ya san yadda gaba ke faɗuwa. To sai dai a galibin lokuta katin bai mutu ba, kuma abin da ke cikinsa yana nan daram. Abin da ya fi jawo asara shi ne gaggawar da mai katin ke yi wajen neman gyara.

Shi dai wannan ɗan kati, wanda aka fi sani da SD, kamfanonin SanDisk na Amurka da Toshiba da Panasonic na Japan ne suka haɗa kai suka fito da shi a shekarar 1999, bisa fasahar ajiya da wani injiniyan Toshiba mai suna Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Ƙaraminsa da ake sa wa wayar hannu, wato microSD, ya bayyana a 2005.

Kafin kwamfuta ta nuna wa mutum abin da ke cikin kati, tilas abubuwa uku su gudana bi da bi. Da farko na'urar karanta kati ta ji cewa an sa mata wani abu. Na biyu, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta gane tsarin da aka bi wajen jera fayiloli a cikinsa. Na uku, ta ɗaura shi a jerin rumbunan ajiyarta, ta ba shi suna da mazauni. Ko wanne daga cikin ukun ya ci tura, sakamakon iri ɗaya ne a idon mai kallo: babu kati. Saboda haka aikin farko shi ne gano matakin da ya cije.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar kwamfutar ta gama tashi ba tare da katin ba, sa'an nan a sa shi. Idan ya bayyana, to lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin yadda kwamfutar ke tashi. Idan bai bayyana ba, sai a gwada shi a wata na'ura, a kuma gwada wani katin a ramin wannan. Ƙura da tsatsa kan rufe 'yan layukan ƙarfen da ke bayan kati, kuma busasshen ƙyalle mai laushi kan wadatar wajen share su. Haka nan gidan robar da ake zura ƙaramin kati a ciki domin ya shiga babban rami yakan riga katin lalacewa.

Akwai kuma batun shekaru. A 2006 aka fito da nau'in SDHC mai ɗaukar har gigabait 32, a 2009 kuma aka sanar da SDXC mai iya kaiwa terabait 2. Na'urar karanta kati da aka ƙera kafin waɗannan shekaru ba lalle ba ne ta gane sabon kati, komai lafiyarsa. Bugu da ƙari, katunan SDXC suna zuwa ne da tsarin jera fayil mai suna exFAT, mallakar kamfanin Microsoft, wanda sai a 2019 aka shigar da shi cikin ƙashin bayan manhajar Linux. Kwamfutar da ke ɗauke da Linux da ya girmi wannan shekara tana buƙatar ƙarin manhaja kafin ta karanta irin wannan kati.

Idan kuwa ta tabbata cewa a lokacin tashi kaɗai matsalar ke aukuwa, to akwai wurare biyu da za a duba. Na farko shi ne jerin wuraren da kwamfuta ke neman manhajar tashi, wanda ake tsarawa a cikin BIOS. In an sa kati ko kebul a gaban babban rumbu, wasu kwamfutoci kan tsaya suna lalube a cikin katin da babu komai cikinsa sai hotuna. Mayar da babban rumbu kan gaba yakan warware wannan.

Na biyu ya shafi masu amfani da Linux, kuma nan ne tawa matsalar ta ɓuya. Akwai wani fayil mai suna fstab, wanda tamkar rajista ce ta rumbunan da kwamfuta za ta ɗaura tana tashi. Ni na rubuta katina a ciki da sunan sdb1. Ashe irin wannan suna ba na dindindin ba ne, ana raba shi ne bisa wanda ya riga amsawa, kamar layin ɗiban ruwa a famfo. A daren da ya gabata na bar wata 'yar na'urar ajiya a jikin kwamfutar, lamarin ya hargitsa jerin sunayen, kwamfutar ta je neman katin inda ba ya nan. Manhajar systemd, wadda ke jagorantar tashin yawancin nau'o'in Linux a yau, takan jira daƙiƙa 90, in ba ta ga rumbun ba sai ta koma yanayin gaggawa.

Maganin layi ɗaya ne. Ko wane rumbu yana da lambar shaida da ake kira UUID, wadda umarnin blkid ke nunawa, kuma ba ta canjawa sai an goge katin an sake masa tsari. A rubuta wannan lamba a madadin sunan, a kuma ƙara kalmar nofail, wadda ke gaya wa kwamfuta ta ci gaba da tashi ko da katin ba ya nan. A Windows kuwa, sau da yawa katin yana nan a shafin kula da rumbuna, harafi ne kawai bai samu ba, sai a ba shi da hannu.

Saura hali mafi haɗari, wato lokacin da tsarin jera fayil ɗin ya sami rauni. Zare kati ana cikin rubutu, ko ɗaukewar wutar lantarki ba zato, su ne manyan dalilai. Masu amfani da 'yar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012, sun fi kowa sanin wannan, domin a galibinsu manhajar tashi kanta a kan kati take zaune. A irin wannan hali Windows kan fito da saƙo tana ba da shawarar a yi wa katin fomatin. A nan ne Bahaushe ke cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a amsa. Fomatin yana share rajistar da ke nuna mazaunin ko wane fayil, kuma duk abin da aka rubuta bayan haka yana iya hawa kan tsohon ya binne shi har abada.

Abin da ya dace shi ne a tura ɗan makullin da ke gefen babban kati zuwa kulle, sa'an nan a kwafe hoton katin baki ɗaya zuwa wani rumbu da manhaja irin ddrescue. Bayan haka ne za a gwada gyara da fsck a Linux, ko chkdsk a Windows. Idan gyaran ya faskara, manhajar PhotoRec ta kyauta, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, takan tono hotuna da murya da bidiyo ba tare da dogaro da rajistar ba, ko da yake sunayen fayilolin na asali kan salwanta.

Wani abin lura shi ne jabun katuna, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi. Suna aiki lafiya har sai ainihin cikinsu ya cika, daga nan sai fayiloli su fara lalacewa. Manhajojin H2testw da F3 suna cika sabon kati da bayanai su sake karantawa domin tona asirinsa, kuma ya kamata a yi wannan gwaji tun kafin a ba kati amana.

Ni dai hirarrakina sun dawo cikin minti goma, da na zare waccan na'ura na gyara layin nan guda. Amma kafin in taɓa aikin tacewa, sai da na kwafe su zuwa wurare biyu. Kati yana tsufa da yawan rubutu da gogewa, kuma ba ya yin sallama ranar da zai tafi.