Bitar Rubutun Manhajar Kwamfuta Bisa Ƙa'idojin Ƙungiya

Duk ɗalibin da ya yi nazarin ƙa'idojin rubutun Hausa ya san cewa idan aka rubuta "yace" a haɗe, mai karatu zai gane abin da ake nufi, amma duk da haka malami zai ja masa jan biro, domin an amince a raba kalmomin biyu. Masu rubuta manhajar kwamfuta ma suna da irin wannan yarjejeniya. Manhaja a nan ita ce jerin umurnin da mutum ke rubuta wa kwamfuta cikin wani harshe na musamman, kamar C ko Python. Kwamfuta ba ta damu da tsaftar rubutun ba muddin ya bi nahawun harshen. Mutanen da za su karanta shi, su gyara shi bayan shekaru, su ne ke buƙatar tsari ɗaya. Saboda haka kowace ƙungiya takan tsara ƙa'idojinta, kuma kafin a shigar da sabon rubutu cikin babban aikin sai wani abokin aiki ya duba shi. Wannan dubawa ita ake kira bita.

Bita mai tsari ta samo tushe daga Michael Fagan na kamfanin IBM, wanda ya wallafa maƙala a kanta a shekarar 1976. A tsarinsa, mutane kaɗan kan zauna da shugaban zama, a karanta rubutun layi-layi ana neman kuskure. A yau yawancin bita a intanet ake yin ta: marubuci ya tura gyaransa, mai bita ya rubuta sharhi a gefen layin da ya ga matsala.

Ƙa'idojin kan bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Takardar PEP 8, wadda Guido van Rossum da Barry Warsaw suka rubuta a 2001 don harshen Python, ta tanadi a bar gurbi 4 a farkon layin da ke ƙarƙashin wani, kuma kada layi ya wuce haruffa 79. Ta ma tanadi cewa sunayen da ke cikin ainihin taskar harshen su kasance da haruffan Ingilishi zalla, wato ɓ da ɗ da ƙ ba su da shiga a wurin, ko da yake harshen kansa yana karɓar su. Masu aikin Linux kuwa gurbi 8 suke bari. Babu wanda za a ce ya fi wani daidai a nan. Mai bita yana auna rubutu ne da ƙa'idar gidan da ake aikin, ko da shi kansa ya fi son wata daban.

Wani zai ce ai wannan duk ado ne. Abin da ya faru da kamfanin Apple a watan Fabrairu na 2014 ya isa amsa. A cikin manhajar iPhone da kwamfutocin Mac akwai sashen da ke tantance cewa shafin da mutum ya shiga, na banki alal misali, shi ne na gaskiya. An rubuta shi da harshen C a matsayin jerin gwaje-gwaje, kowanne yana cewa: idan wannan gwaji ya gaza, a tsallake zuwa ƙarshe. Umurnin tsallakewar shi ne "goto fail". A wuri ɗaya sai aka maimaita wannan layi sau biyu a jere.

A harshen C, idan ba a sa baka-biyu mai lanƙwasa ba, sharaɗi yana riƙe da umurni ɗaya ne tak da ke biye da shi. Layi na biyu ya zama ba shi da sharaɗi ke nan, kullum sai ya yi aiki. To amma an tura shi ciki daidai da na farko, saboda haka ido yana ganin kamar duka biyun suna ƙarƙashin sharaɗin. Sakamakon haka sai manhajar ta riƙa tsallake gwajin ƙarshe, na tantance sa-hannu, tana kuma bayar da rahoton cewa komai lafiya. Wanda ya shiga tsakanin mai waya da shafin zai iya yin sojan gona ya karanta saƙonnin da ake zaton a rufe suke. Da ƙa'idar gidan ta tilasta baka-biyu a kan kowane sharaɗi, mai yiwuwa layin da aka maimaita ya faɗa cikin bakan bai cutar da kowa ba. Ƙungiyoyi da dama suna bin wannan ƙa'ida, amma ta Linux ta ce kada a sa baka-biyu inda umurni ɗaya ya wadatar. A 2016 aka ƙara wa GCC, ɗaya daga manyan manhajojin da ke juya rubutun C zuwa abin da na'ura ke aiwatarwa, gargaɗi a kan gurbin farkon layi mai yaudarar ido.

Akwai kuma illar wuce gona da iri. Mai bita zai iya cika gefe da ƙorafin gurbi da tsawon layi, ya bar babban kuskuren ma'ana ya wuce, kamar malamin da ya gyara waƙafi da aya a insha'i bai lura ɗalibi ya kauce wa batu ba. Don haka aka miƙa wannan ɓangare ga na'ura. Harshen Go yana da gofmt, Python kuma yana da Black tun 2018, waɗanda ke daidaita siffar rubutu da kansu. Abin da ya rage wa mutum shi ne abin da na'urar ba ta iya yanke hukunci a kai: ko sunan da aka ba wani sashe ya dace da aikinsa, ko an yi tanadin abin da zai faru idan bayanin da ake jira bai zo ba. Idan mai bita ya nemi gyara, ana so ya ambaci ƙa'idar da aka saɓa wa, ya kuma fayyace ko gyaran wajibi ne ko shawara ce kawai da marubucin ke da damar ƙi.