*Lambun Bayan Ɗaki: Maganin Da Muka Bari A Gida*



Duk rani, motoci na kwasar tumatir da albasa da tattasai daga lambunan dam ɗin Watari a Bagwai da na Tomas a Dambatta, su nufi kasuwar 'Yankaba. Mai kyan ya tafi birni, gida kuma kullum miyar kuka. Sai mai ciki ta fara jiri, tafin hannun yaro ya yi fari, a ce a kawo maganin ƙarin jini. To ai wani sashe na maganin ganye ne, kuma mun bar shuka shi.

Na san gonakinmu sun tsuke, gado ya rarraba su. Amma ganye ba ya cin fili. A samu tsohon buhun taki, a huda gindinsa, a cika shi da ƙasa kashi 2, takin awaki da ya ruɓe kashi 1. A shuka alayyafo ko rama ko lalo. Alayyafo cikin sati 4 an fara tsinka. Ruwan alwalar gidan ma ya rage maka ɗibar ruwa, in dai ba sabulu a ciki.

Zogale kuwa reshe ake kafawa a jikin danga. Ganyensa na da sinadarin da ke taimakon jini da ido. In za a shanya, a shanya a inuwa, rana tana rage amfaninsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa duk abin da Musulmi ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Shi ne kuma ya ba mu labarin son da Annabi (SAW) yake wa kabewa.

*Hattara:* kar a yi feshi yau a tsinka gobe. A bi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar. Jiƙaƙƙen ganyen darbejiya da toka suna rage ƙwari. Mai ciki kuma kar ta bar awo don tana cin zogale.

Malam, kafin ka loda buhun kasuwa, ware kwandon gida tukuna.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A tura wa 'yan uwa.