Daidaita kalmomin waƙa a manhajar rubuta kiɗa

Daidaita kalmomin waƙa a manhajar rubuta kiɗa shi ne aikin ɗora kowace gaɓar kalma a ƙarƙashin alamar sautin da za a rera ta da shi, tare da zaɓar wurin zamanta, girman haruffanta da salon rubutunta. A tsarin rubutun kiɗa na Turai, wanda ake yi a kan layuka biyar, mawaƙi yana karanta abu biyu a lokaci guda: alamomin da ke nuna masa tashi da saukar murya, da kuma kalmomin da zai furta. Idan gaɓa ta kauce daga alamarta, mawaƙi zai iya jan wasalin da bai dace ba, ko ya yi numfashi a tsakiyar kalma. A ƙungiyar mawaƙa kuwa irin wannan kuskure yakan sa wasu su riga wasu furta kalma. Manhajojin da aka fi sani da wannan aiki su ne Finale, Sibelius, Dorico, MuseScore da LilyPond.

Tarihi

Matsalar ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. A rubuce-rubucen hannu na ƙarni na 15, magatakarda sukan rubuta ɗangon waƙa a ƙasan layukan kiɗa ba tare da nuna inda kowace gaɓa ta faɗa ba, sai mawaƙi ya raba su da kansa. Ottaviano Petrucci, wanda ya buga littafin Harmonice Musices Odhecaton a birnin Venice a shekarar 1501, yakan sa takarda a injin ɗab'i fiye da sau ɗaya, domin layuka da alamomi da kalmomi ba su fita a bugu guda. A shekarar 1558 masanin kiɗa Gioseffo Zarlino ya kawo ƙa'idoji goma na ɗora kalmomi a kan sauti a cikin littafinsa Le istitutioni harmoniche.

An fitar da Finale a shekarar 1988, sai Sibelius a 1993, wadda 'yan'uwa biyu Ben da Jonathan Finn suka ƙirƙira a Ingila. Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen sun fara aikin LilyPond a 1996. MuseScore ta samo asali daga aikin Werner Schweer a 2002, kuma kyauta ake sauke ta. Kamfanin Steinberg ya fitar da Dorico a 2016. Yawancin ƙa'idojin da waɗannan manhajoji ke bi an gaje su ne daga masu zana kiɗa a kan faranti na ƙarfe. Littafin Elaine Gould mai suna Behind Bars, na shekarar 2011, yana cikin waɗanda aka fi komawa gare su a wannan fanni.

Ƙa'idojin wurin zama

Ana rubuta kalmomi a ƙasan layukan kiɗa. Saboda haka alamomin ƙarfi da sassaucin murya, waɗanda a kiɗan kayan busa da na tsirkiya ake sa su a ƙasa, sukan koma sama a waƙar baki. A littattafan waƙoƙin coci inda muryoyi huɗu ke raba jerin layuka biyu, kalmomin kan zauna a tsakani domin kowa ya gani. Idan muryoyi biyu suna kan layuka ɗaya amma kalmominsu sun bambanta, sai a sa na babbar murya a sama, na ƙaramar a ƙasa.

Gaɓar da ke da alamar sauti ɗaya tak ana tsayar da ita a tsakiyar alamar. Gaɓar da ake ja a kan sautuka da yawa, abin da masana ke kira melisima, ana fara ta daga gefen hagu na alamar farko. Idan gaɓar ita ce ƙarshen kalma, sai a ja layi a ƙasa daga bayanta zuwa alamar ƙarshe da aka rera ta da ita. Idan kuma a tsakiyar kalma take, karan ɗori ake sawa, a maimaita shi in tazarar ta yi tsawo. Waƙafi da aya suna manne da kalma, kafin layin ja.

A harsuna irin su Italiyanci da Sifaniyanci, wasalin ƙarshen kalma kan haɗe da na farkon mai bi mata, a rera su da sauti ɗaya. Ana nuna wannan da ɗan lanƙwasasshen layi a ƙasan gaɓoɓin biyu.

Duk gaɓoɓin da ke jeri ɗaya dole su zauna a kan mataki ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Alamar sauti guda da ta sauka ƙasa sosai takan tura dukan jerin ƙasa. Haka kuma doguwar gaɓa takan tilasta wa manhaja ta buɗa tazara tsakanin alamomi, wanda ke ƙara yawan shafuka.

Salon haruffa

Baitocin waƙa ana rubuta su da miƙaƙƙun haruffa, a sa lamba a gaban gaɓar farko ta kowane baiti. Amshi da fassara sukan zo da rubutun tsutsa domin ido ya bambanta su da sauran. Masu shirya littattafan waƙa sukan zaɓi haruffa masu ɗan matsatsi, saboda su rage buɗewar tazara, amma ba sa ƙanƙanta su har su gagari mai riƙe da takarda nesa da fuska. An fi son a yi gyara a cikin saitin salo na dukan takardar maimakon jan gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da hannu, domin gyaran hannu yakan lalace da zarar an sauya faɗin shafi ko an ƙara baiti.

Yadda ake shigar da kalmomi

A MuseScore da Sibelius ana zaɓar alamar farko a danna Ctrl da L, a Dorico kuma Shift da L. Daga nan madannin tazara yana kai mai rubutu alama ta gaba a ƙarshen kalma, karan ɗori kuma yana kai shi gaba a tsakiyar kalma. A MuseScore alamar _ ce ke jan layin melisima, harafin X kuma yana juya kalmomi daga ƙasa zuwa sama. Dorico tana ware jeri na musamman ga amshi da fassara. Finale tana da ƙananan alamomi huɗu masu kusurwa uku a gefen allo, waɗanda ake ja domin ɗaga ko sauke jerin kalmomi.

LilyPond ta bambanta, domin da rubutu zalla ake ba ta umarni. Ana buɗe kalmomi da umarnin \addlyrics ko \lyricsto. Alamar -- tana raba gaɓoɓin kalma, __ tana jan layi, ~ kuma tana haɗa gaɓa biyu a kan sauti ɗaya.

Sauya manhaja

Ana ɗaukar takardar kiɗa daga wata manhaja zuwa wata ta hanyar tsarin MusicXML, wanda Michael Good ya ƙirƙira, aka fitar da sigarsa ta farko a 2004. Tsarin yana adana kowace gaɓa da lambar baitinta, da bayanin ko ita kaɗai ce kalma, ko farko, ko tsakiya, ko ƙarshe. Daga wannan bayani ne sabuwar manhaja ke sake zana karan ɗori. Gyaran wuri da aka yi da hannu ba kullum yake tsallakewa daidai ba. Batun ya ƙara muhimmanci a watan Agusta na 2024, lokacin da kamfanin MakeMusic ya sanar da daina haɓaka Finale, abin da ya sa masu tsofaffin takardu suka shiga kwashe su zuwa wasu manhajoji.

Harshe da tsarin rubutu

Raba kalma yana bin ƙa'idar harshen waƙar. A Hausa gaɓa tana farawa da baƙi, kuma iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Saboda haka ana raba makaranta a matsayin ma-ka-ran-ta, hannu kuma han-nu. Tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky da gw sauti ɗaya ne, ba a raba su: tsun-tsu. Karan ɗori na iya sauya ma'ana, domin shi ke bambanta dama da da ma idan gaɓoɓin sun yi nisa da juna. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, alhali nauyin gaɓa shi ne ginshiƙin karin waƙar Hausa, kamar yadda Bruce Hayes da Russell Schuh suka nuna a nazarinsu na karin rajaz a 2019. Mai ɗora kalmomi yana bukatar sanin wannan da kunnensa. Wajibi ne kuma salon haruffan da aka zaɓa ya ƙunshi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, in ba haka ba ƙafa ta koma kafa.

Harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, kamar Larabci da Ibrananci, suna da tasu matsala, domin kiɗa daga hagu yake tafiya. Abin da aka saba yi shi ne a rubuta kowace gaɓa ta fuskar harshenta, amma a jera gaɓoɓin daga hagu zuwa dama. A Larabci wannan yana yanke haɗin haruffan kalma, kuma haka abin yake ga Hausar da aka rubuta da ajami.