Labarin Zakaran Afirka da Zakaran Turai a Birnin Abu Dabi

Ga labarin wani wasan tamaula da aka yi ran 18 ga watan Disamba, shekara ta 2010, a birnin Abu Dabi na ƙasar Larabawa. Kada wani ya ce ina ruwan dattijo da wasan yara. A cikin wannan labari akwai sha'anin ciniki wanda kowane falke zai gane.

Ku sani, kowace nahiya tana da gasarta, inda ƙungiyoyin birane ke karawa har a fid da zakara guda. Sa'an nan hukumar ƙwallo ta duniya, watau FIFA, takan tara waɗannan zakaru domin a ga gwani na gwanaye. Tun daga 1960, lokacin da Real Madrid ta Sifen ta kara da Peñarol ta Yurugwai, har shekara hamsin, ba a taɓa ganin kowa a wasan ƙarshe ba face mutanen Turai ko na Amurka ta Kudu. Ko da aka buɗe ƙofa ga sauran nahiyoyi a shekara ta 2000, sukan zo su cika taro ne su koma.

Waɗanda suka karya wannan al'ada su ne Mazembe, ƙungiyar birnin Lubumbashi a tsohon lardin Katanga na ƙasar Kwango, inda ake haƙar jan ƙarfe. An kafa ta a 1939, ta ci kofin Afirka a 1967 da 1968, sa'an nan ta yi shekara arba'in ba ta sake cinsa ba. Shugabanta Moïse Katumbi, attajiri kuma gwamnan lardin a wancan zamani, ya zuba dukiya, ya biya 'yan wasa albashi mai kauri domin kada su yi ƙaura. Sai ta ci kofin a 2009, ta maimaita a 2010 bayan ta lallasa Espérance ta Tunisiya da ci 5 ba ko ɗaya a gida.

Da suka isa Abu Dabi, ƙarƙashin mai horarwa Lamine N'Diaye mutumin Sanagal, suka ka da Pachuca ta Meziko da ci 1. Ran 14 ga wata suka gamu da Internacional ta Birazil, wadda kowa ya ɗauka za ta wuce salin alin. Kabangu ya jefa ɗaya, Kaluyituka ya ƙara ta biyu, mai tsaron gida Kidiaba ya hana kome shiga raga. Duk wannan kuwa ba tare da gwarzonsu Trésor Mputu ba, don an dakatad da shi shekara guda saboda rigima da alƙalin wasa.

Amma wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. Abokan karawarsu a wasan ƙarshe su ne Inter ta birnin Milan a Italiya, waɗanda suka ci kofin Turai a watan Mayu na wannan shekara. Ba a kai sulusin sa'a da farawa ba sai da aka gama magana. A minti na 13 Samuel Eto'o ya miƙa wa Pandev ƙwallo ya jefa, a minti na 17 Eto'o ya jefa da kansa. Mazembe suka yi ta kai hari ba su dace ba, har Biabiany ya cika ta uku a minti na 85. Aka tashi 3 ba ko ɗaya.

To, a nan ne wurin lura. Wane ne Eto'o, wanda aka ba lambar zinariya ta gwanin gasar? Mutumin Kamaru ne, haifaffen Duwala, wanda aka kai Madrid tun yana yaro matashi. Da ɗan gari akan ci gari. Pandev mutumin Masedoniya ne, Biabiany kuwa na Faransa. Hasali ma, ranar da Inter suka ci kofin Turai, a cikin sha ɗayan da suka fara wasa babu Ba'italiye ko guda. Ƙarfinsu na saye ne: sun kewaya kasuwannin duniya sun zaɓi na kirki.

Falke ya san wannan ciniki sarai. Mai saida ɗanyar fata yakan karɓi kuɗi kaɗan, wanda ya jeme ta ya ɗinka takalmi shi ke cin riba, har ya dawo ya saida wa mai fatar da tsada. Jan ƙarfen Katanga ya daɗe yana tafiya ƙetare a ƙera shi can, 'yan wasan Afirka ma haka suke tafiya suna ƙanana, wasu ƙasashe su ci moriyar ƙuruciyarsu. Ba a zargin yaron da ya tafi neman arziki, gama kowa ya ga kasuwar da ta fi ci, can zai kai hajarsa. Abin da Mazembe suka nuna shi ne, in aka biya mutum hakkinsa a gida, yakan zauna, kuma 'yan gida suna iya ka da zakaran Birazil.

Bayansu Raja ta Kasabalanka ta kai wasan ƙarshe a 2013, Bayern ta Jamus ta ci ta 2 ba ko ɗaya a Marrakush. Daga 2010 zuwa 2025 babu wata ƙungiya daga kudancin Sahara da ta sake kaiwa wannan matsayi. Alhasili, attajiri guda yana iya ɗaga ƙungiya guda, amma riƙe 'yan wasan nahiya sai an sami masu dukiya da yawa da suka yarda su zuba jarinsu a gida, su yi haƙurin jiran riba.

Iyakar labarin ke nan. Wassalam.