Rikodar Ikkilisiya: Yadda Za A Ɗauki Murya Ba Tare Da Asara Ba

A ƙauyukanmu akwai tsofaffin da suka san yadda bishara ta shigo gari, da waɗanda suka haƙa rijiyar farko, da inda iyakar gonar majami'a ta tsaya. Akwai kuma waƙoƙin zumuntar mata cikin yarenmu waɗanda ba a taɓa rubuta su ba. Duk waɗannan a bakin mutane kaɗai suke. Ran da Ubangiji ya kira ɗayansu gida, abin da ya sani ya tafi tare da shi.

Ƙaramar rikoda ta zamani, wadda ba ta cin kaset sai katin memori, tana iya adana mana waɗannan muryoyi. Wannan hidima ba sabuwa ba ce. A 1939 wata 'yar mishan mai suna Joy Ridderhof ta kafa ƙungiyar Gospel Recordings a Amurka, bayan rashin lafiya ya komo da ita gida daga ƙasar Honduras. Ta riƙa ɗaukar saƙon bishara a faifan garmaho domin mutanen da ba su iya karatu ba. Ƙungiyar, wadda yanzu ake kira Global Recordings Network, ta ɗauki murya cikin harsuna da kare-karen harshe fiye da 6,000. Abin da a dā sai an ɗauko manyan kaya, yau yaro yana iya sa shi a aljihu.

Amma 'yan'uwa, sau da yawa akan tara jama'a, dattijo ya yi awa guda yana magana, a dawo gida a tarar babu kome a ciki, ko kuwa ƙara ce kawai. Sai a ce rikoda ta lalace. Gaskiyar ita ce, rikoda ba ta cika lalacewa ba. Matsalar takan fito daga batir, ko kati, ko wurin da aka ajiye na'urar. Dubawar minti biyar kafin a soma takan hana wannan asara.

Batir

Ku san irin batirin da rikodarku take ci. Alal misali, Zoom H1 wadda ta fito a 2010 tana cin batir ɗaya mai lamba AA, ƙanwarta H1n ta 2018 kuwa tana cin ƙanana biyu masu lamba AAA. Kowacce takan yi wajen awa 10 da batir mai kyau, irin wanda aka rubuta Alkaline a jikinsa. Batirin tocila mai araha ba ya daɗewa a cikinta, yana kuma iya mutuwa ana tsakiyar aiki.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama rikoda ba kamar kaset take ba. Sai an danna maɓallin tsayawa take rufe fayil ɗin ta adana shi. In wuta ta ɗauke mata kafin haka, ana iya rasa dukan abin da aka ɗauka tun daga farko.

• Ku sa sabon batir kafin kowane muhimmin taro, ku riƙe wani a aljihu.
• Kada ku haɗa tsoho da sabo.
• Batir mai caji ya fi sauƙi inda akwai sola. Ku shiga MENU ku nuna wa rikoda irin batirin da kuka sa, in ba haka ba alamar batir za ta ruɗe ku.
• In za a ajiye ta fiye da mako biyu, ku cire batir, domin yakan yi yoyo ya ci ƙarafan ciki.

Katin memori

Ba kowane kati ne kowace rikoda take karɓa ba. Katin da aka rubuta SDHC yana kaiwa giga 32. Wanda ya wuce haka, kamar mai giga 64, ana kiransa SDXC, kuma rikodu biyun da muka ambata ba su karanta shi. Ku duba littafin na'urar kafin ku kashe kuɗin baiko a kan babban kati.

Akwai kuma jabun kati a kasuwa. Yakan nuna yana da babban ciki, amma da ya cika ɗan wurin da yake da shi na gaskiya, sai fayiloli su soma lalacewa. Ku saya a shagon da kuka amince da shi, ku gwada shi a gida na 'yan kwanaki tukuna.

Sabon kati yana bukatar a share shi a cikin rikodar kanta, ta wurin zaɓen FORMAT. A lura: wannan yana goge duk abin da ke cikin katin. Kada a yi shi sai an tabbata an kwafe kome. Kada kuma a zare kati sa'ad da rikoda take kunne, kada a ba da aronsa domin sa waƙoƙi a waya.

Rikoda tana ɗaukar murya iri biyu. WAV shi ne mafi tsabta, amma yana cin wajen megabait 635 a awa ɗaya in an sa shi a 44.1/16, wato kati mai giga 4 zai ɗauki wajen awa 6. MP3 mai lamba 128 yana cin wajen megabait 58 a awa, wannan katin zai ɗauki fiye da awa 60. Ku yi amfani da WAV domin waƙoƙi da tarihin tsofaffi, MP3 kuwa ya isa domin wa'azin Lahadi da taron kwamiti.

Inda za a ajiye ta

Kunnen mutum yana iya zaɓen muryar da yake so cikin hayaniya. Makirufo ba ya zaɓe. Abin da ya fi kusa da shi, shi yake ɗauka. Saboda haka matsowa kusa ya fi ƙara ƙarfin na'ura.

• Mai magana ɗaya: tsakanin bakinsa da makirufo ya zama taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya, a ɗan karkace, domin iskar baki kada ta buge shi.
• Ƙungiyar mawaƙa: ku tsaya kamar taku uku a gabansu, rikoda daidai tsayin kai. Masu ganga, tulu da caki su koma baya ko gefe, in ba haka ba kiɗa zai haɗiye kalmomin.
• Kada ku ajiye ta a bakin lasifika, ko a kan bagade inda ake buga hannu. In dole ne a kan tebur, ku shimfiɗa zane a ƙarƙashinta.
• Ku yi nesa da janareta, injin niƙa da fanka. Rufin kwano lokacin ruwan sama yakan ɓata aiki duka, gara a jira ruwa ya ɗauke.
• Majami'a marar mutane tana amsa kuwwa. Domin hira da dattijo, ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa, ko ɗaki mai katifa da labule, ya fi kyau.
• A waje, musamman da hunturu, ku sa mata hularta ta soso. In ta ɓace, safa mai tsabta tana taimakawa.

A fuskar rikoda akwai layin da yake motsi in ana magana. Ku ce wa mai maganar ya ɗaga murya yadda zai yi in ya yi zafi, sa'an nan ku daidaita ƙarfin har layin ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6. In ya kai 0, murya ta fashe. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta a kwamfuta, amma wadda ta fashe ba ta komawa daidai.

Abu na ƙarshe kafin a soma: ku ɗauki rabin minti na gwaji, ku saurara da iyafis. Rikodu da dama, in an danna REC sau ɗaya, jar fitila takan riƙa ƙyaftawa, wato tana jira ne, ba ta soma ba. Sai an sāke dannawa. Kada ku dogara ga fitila. Ku duba ko lambobin lokaci suna tafiya.

Matsaloli da maganinsu

Ta ƙi kunnuwa. Ku duba ko an juya kan batir. Ku goge ƙarafan da busasshen tsumma. Waɗansu sai an riƙe makunnin na ɗan lokaci.

Tana kunne amma maɓallai ba su aiki. An tura makullin HOLD. Ku mai da shi. Wannan makulli yana da amfani bayan an soma ɗauka, domin kada hannu ya tsai da ita bisa kuskure.

Ta ce babu kati, ko kati ya lalace. Ku kashe ta, ku zare katin, ku goge shi, ku mayar har ya yi ƙas. In babban kati ne, ku duba ɗan makullin gefensa, kada ya kasance a kan LOCK. In ta nemi ku yi FORMAT alhali akwai aiki a ciki, kada ku yarda. Ku kai katin wurin kwamfuta tukuna.

Ana jin ƙuwwa ko tsatsaniya. Yawanci wayar hannu ce a kusa, ko cajar da aka jona wa janareta. Ku kashe wayoyi, ku yi aiki da batir.

Ana jin gurnani da ƙwanƙwasa. Iska ce, ko motsin yatsu a jikin na'ura. Ku kunna LO CUT in tana da shi, ku daina juya ta a hannu.

Babu murya ko kaɗan. Ku duba ko an soka iyafis a ramin makirufo. In an soka wani abu a wannan rami, makirufon jikinta yakan daina aiki.

Kwanan wata ba daidai ba ne. Agogonta yakan koma baya in ta daɗe babu batir. Ku gyara shi kafin ku soma, domin da shi za a gane fayiloli daga baya.

An goge fayil bisa kuskure. Ku daina amfani da katin nan take. Sau da yawa muryar tana nan har sai an ɗauki wata a kanta. Mai kwamfuta yana iya dawo da ita da manhajar kyauta irin su PhotoRec ko Recuva.

Kwamfuta ba ta gan ta ba. Waɗansu wayoyin USB na caji ne kawai. Ku canja waya, ko ku zare katin ku sa a abin karanta kati.

Bayan an gama

Ku kwafe aikin a ranar, a wurare biyu dabam, kamar kwamfutar ofishin gunduma da wani kati a gidan magatakarda. Ku ba kowane fayil suna mai kwanan wata da gari da abin da ke ciki, ku rubuta haka kuma a littafi. Ku ajiye rikodar a gwangwani mai murfi, nesa da rana, ƙurar hunturu da laimar damina. Ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su koyi aikin, domin kada ya tsaya in ɗaya ya yi tafiya.

Ku nemi izini

Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga waya. Ku gaya wa mutum dalilin ɗaukar muryarsa da waɗanda za su ji ta, ya faɗi yardarsa da bakinsa a farkon fayil. In yara ne, a tambayi iyayensu. Kada a ɗauki muryar kowa a ɓoye, kada kuma a kunna rikoda wurin ba da shawara ko sulhun iyali. Shaidar sabon mai bi, ko ta wanda ya gudo daga rikici, tana iya jefa shi da iyalinsa cikin hatsari in ta yaɗu a WhatsApp. In ya ce a goge, a goge.

Tambayoyin tattaunawa

Ku karanta Zabura 78:1-7 da Luka 1:1-4 tare.
1. Wane nawaya ne waɗannan ayoyi suka ɗora wa iyaye game da tsara mai zuwa?
2. Daga wurin su wane ne Luka ya sami labarinsa? Me wannan yake koya mana?
3. Waɗanne tsofaffi uku ne a ikkilisiyarmu ya kamata a ɗauki muryarsu kafin girbi?
4. Wa zai riƙe rikodar, wa zai riƙe kwafi na biyu, daga ina kuma kuɗin batir zai fito?