Daga Karagar Mulki zuwa Ƙotar Gatari

Jaridar Turanci kan ba da labarin ɗan fashin da ya zare adda, a shafi na gaba kuma ta yi zancen ministan da ke juya gwamnati yadda ya ga dama, duk da fi'ili ɗaya: wield, wanda ake furtawa "wiild". Mai karatu sai ya ɗauka makami ne asali, mulki kuwa aro aka yi. Tarihin kalmar ya ƙaryata wannan zato.

A tsohon Turanci, kafin Normawa su ci Ingila a 1066, siffarta wealdan ce, kuma ma'anarta mallaka da mulki. Marubutan lokacin har Ubangiji suke kira Wealdend, wato Mai Iko. Kundin tarihin Anglo-Saxon, a ƙarƙashin shekarar 827, ya yi wa Egbert sarkin Wessex laƙabi da Bretwalda, wanda aka fi fassarawa da mai mulkin Birtaniya. Shi kansa Sarki Harold da aka kashe a yaƙin Hastings yana ɗauke da kalmar a cikin sunansa, don ma'anarsa mai mulkin runduna. Sunan Walter ma haka ne, gaɓoɓin kawai aka juya.

Sannu a hankali ikon ya sauko daga kan talakawa ya koma tafin hannu. Wanda ya iya da takobi, ya san nauyinsa, yake kaɗa shi ba tare da ya rinjaye shi ba, ai ya mallake shi. Shi ya sa ba kowane riƙo ake kira haka ba. Yaron da ya ɗauko gatarin babansa yana tangaɗi bai cancanci kalmar ba. Mai faskare da ke raba kututture da sara ɗaya shi ne da ita.

Danginta sun bazu. Jamusawa suna da Gewalt, kalma ɗaya tak ga iko da kuma amfani da ƙarfin tuwo, abin da ke ba masu fassara ciwon kai. Birnin Vladivostok da Rasha ta kafa a 1860, sunansa umarni ne: mallaki gabas.

Hausa ta bi hanyar ne ta ɗaya ɓangaren. Riƙe aikin hannu ne tun farko, daga baya ya hau karaga: ana riƙe sanda, ana riƙe gari, har a naɗa shugaban riƙon ƙwarya.