Harsashin Farautar Barewa da Gada: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Da zarar an gama kaka, ciyawa ta bushe, sai hirar farauta ta dawo majalisun Kinkinau da Unguwar Mu'azu a Kaduna. Dazukan hanyar Birnin Gwari sun zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, amma maharba ba su ƙare ba, musunsu kan harsashi ma bai ƙare ba. Abin da ke damuna shi ne samari masu tasowa suna ɗaukar wannan musu a matsayin karatu. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabinta, wasu kuwa suna iya raba mutum da yatsunsa.

Wadda ta fi yawo ita ce wai harsashin soja ya fi kowanne kashe dabba, tunda don yaƙi aka yi shi. Ba haka ba ne. Tun yarjejeniyar birnin Heg ta 1899 ƙasashe da dama suka amince a daina yaƙi da harsashi mai buɗewa cikin jikin ɗan Adam, shi ya sa ake lulluɓe na soja da ƙarfe har tsininsa. Idan ya sami dabba marar kauri irin gada, sau da yawa ratsa ta yake yi ya wuce, ya bar 'yar ƙofa. Ta ruga cikin sarƙaƙiya da ciwo, ta mutu bayan kwanaki, ba ta amfani kowa ba sai ungulu. Harsashin farauta kansa taushi gare shi, yana shiga ya buɗe kamar laima, ya sauke ƙarfinsa a huhu da zuciya, dabba ta faɗi nan kusa. Ga kuma doka: Dokar Bindigogi ta 1959 ta jera bindigogin soja masu cin harsashin milimita 7.62 da .303 cikin waɗanda aka haramta. Kasancewar masana'antar DICON, wadda aka kafa a 1964, tana Kakuri, ƙetaren kogi kawai, bai halatta wa farar hula ko ƙwaya ɗaya ta harsashin yaƙi ba.

Sai masu cewa ƙaramar bindiga ba ta kayar da barewa, da abokan musunsu masu cewa ko 'yar .22 ta isa in dai hannu ya iya. Kowanne ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Gada ba ta cika wuce kilo 25 ba, barewa ta ɗan ɗara ta, gwanki kuwa yana haura kilo 200, don haka ba a yi musu awo ɗaya. Bindiga marar nauyin harsashi irin .243, wadda kamfanin Winchester ya fitar a 1955, ta wadatar ga barewa da mazo, muddin harsashin mai buɗewa ne kuma an sa shi a bayan kafaɗa. A Ingila doka ce ta yanke musun: ga yawancin dangin barewarsu faɗin harsashi kada ya gaza inci .240, wato kusan milimita 6, ga ƙananan jinsi biyu kuma an yarda da .220 idan nauyinsa ya ɗara giram 3 kuma ƙarfinsa ya kai mizanin da aka gindaya. Ita 'yar .22 da ake harbin zomo da ita ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ƙarfi ba. Tana iya kashewa, ba a musu, amma waɗanda take raunatawa su ɓace sun fi ƙarfin a kawar da kai. Maharbi yakan ba da labarin wadda ya ɗauko, ba ya ba da na wadda ta tsere da karyayyen muƙamuƙi, ta kasa kiwo har yunwa ta gama da ita.

Yawancin maharbanmu dai ba irin wannan bindiga suke riƙewa ba. Mai baki ɗaya ce ko mai baki biyu, ko kuma ta toka. A nan ana cewa harsashi duk harsashi ne. Ɗauki kwanso ka duba jikinsa, za ka ga lamba ko haruffa: mai lamba 6 ƙananan ƙwayoyi ne na zabo da fakara, masu AA ko SG su ne manya. Watsa wa gada ƙwayoyin tsuntsu azabtarwa ce. Manyan ma ƙarfinsu yana zubewa da wuri, bayan mita 30 zuwa 40 sai dai sa'a. A duba tsawon kwanson kuma, domin na milimita 76 ba na bindigar da aka yi don na milimita 70 ba ne, ko da ya shiga ya zauna daram.

Mafi haɗari ita ce maganar a ƙara albarushi bindigar toka ta ƙara zafi, ko a farke harsashin kanti a juye garinsa a ciki. Garin harsashin zamani ƙarfinsa ya zarce na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, bututun da maƙeri ya haɗa kuwa ba a gwada shi da wannan matsi ba. Idan ya fashe, kusa da fuska da hannun hagu yake fashewa. Ƙarar da ake jin daɗi ba ita ke kashe dabba ba.

Cewa harba-ka-ruga, wato bindigar toka, ba ta buƙatar lasisi ƙarya ce: nata lasisin yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, na bindigar harsashi yana hannun Sufeto Janar, kuma mallakar harsashin kansa sai mai lasisi. Lasisin ma bai buɗe wa kowa Gandun Dajin Kamuku ba, inda farauta haramun ce ɗungurungum. Barewa mai jan goshi ta riga ta shiga jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Akwai masu ƙyamar naman da bindiga ta kashe, wai mushe ne. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim, a Buhari da Muslim, ya bambanta makamin da ya huda dabba da wanda ya buge ta kawai. A kan haka malaman Malikiyya na baya suka halatta abin da harsashi ya huda, idan an yi bismillah lokacin harbi. Wanda ya iske ta da sauran rai, wajibi ne ya yanka.

Abin da ba a cika ambata a majalisa ba, kuma gaskiya ne, shi ne dalma. Harsashin dalma yana farfashewa cikin nama, ɓarɓashinsa ya yi nisa da ramin, wani ido ba ya ganinsa. Wuta ba ta ƙona shi, tafasa ba ta fitar da shi, miya mai tsami ma ƙara narkar da shi take yi. Mun san aikin wannan guba: a 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara, ko da yake daga dutsen zinariya tasu ta fito. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, maharbanta sun koma na jan ƙarfe. Kafin irinsa ya wadata a nan, a yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashi da faɗi, a binne shi inda kare da ungulu ba za su tono ba, kuma kada a ba ƙananan yara da masu juna biyu naman da aka harba da dalma.